Likita Na Amsa Tambayoyinku: Jinyar Mai Ciwon da Ya Yi Nisa

Daga Gadarif: Likita, in an tambayi Baba ciwonsa sai ya ce "da sauƙi", alhali ba ya barci. Ya za mu yi?

Ɗan'uwa, kunya da dauriya ce. Ku ce ya ba ciwon lamba daga 0 zuwa 10, haka ma gajiya, tashin zuciya, numfashi da damuwa. Wannan ma'auni a Edmonton ta Kanada aka fito da shi a 1991. Ku rubuta safe da yamma, ku kai wa likita. In ba ya iya magana, ku lura da yamutsa fuska da nishi lokacin juya shi.

Daga Mai Wurno: An rubuta wa Inna morfin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, saboda ciwon daji, amma dangi sun ce shi ke ƙarasa mutum. Sai ta yi kuka muke ba ta.

'Yar'uwa, wannan magana tana damuna ƙwarai. Mutane na ganin an fara morfin mutum ya rasu, sai su ɗora wa maganin, alhali an makara ne ba a fara ba sai da ciwon ya ci ƙarfinsa. Morfin na sha, gwargwadon yadda likita ya auna, ba ya gajarta kwana. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da shi bisa agogo. Mai saurin aiki kusan awa 4 yake yi a jiki, don haka in kun jira kuka, ciwon ya riga ya dawo, kuma kwantar da shi ya fi wuya.

Gyangyaɗin da morfin ke sawa a kwana 2 zuwa 3 na farko yakan wuce. Taurin bayan gida ba ya wucewa, sai an haɗa da mai sassautawa irin sanamakki, wato filasko, bisa shawarar likita. Kada ku ƙara adadi da kanku, kada ku haɗa da tramadol na kasuwa. In ta ƙi farkuwa, ko numfashinta ya yi ƙasa da 10 a minti, a garzaya asibiti nan take. Na san yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa magani wuya, to ku nemi sabo tun saura na mako guda, kada a yanke shi farat ɗaya.

Daga Kassala: Numfashin majinyacinmu na sarƙewa.

A jingina shi zaune, a buɗe taga, a riƙa yi masa fifita a fuska. In abin ya zo kwatsam ko leɓɓansa sun canza launi, sai asibiti.

Daga Sinnar: Majinyacinmu na da kumburin ciwon daji, an ce a yi wa kumburin lalas.

Haba Malam! Ƙarfe mai zafi a kan ƙarin daji? Gyambo za a buɗe wanda ba zai rufe ba, ga zubar jini, ga ƙwayoyin cuta. Don Allah a kai shi likita ya duba.