Tambaya da Amsa: Bututun Iska Mai Sanyi a Hilux

Tambaya: Malam, ina son cire akwatin filtar iska na Hilux ɗina mai amfani da fetur, in sa bututun jawo iska mai sanyi. Yaya ake yi? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Alhaji, fara cire wayar nagetif ta batir da sufana lamba 10. Kwance akwatin, ka zare sensar auna iska a hankali, kada yatsa ya taɓa siririyar wayar cikinta. Mayar da ita kan sabon bututun, tana fuskantar yadda iska ke shiga. Kafa farantin kare zafi, in ba haka ba iska mai zafi injin zai shaƙa. Ɗaure kowane kilif tam: in iska ta kurɗa bayan sensa, injin zai riƙa rawa, fitilar gargaɗi ta kunna.

Sai dai ƙarin ƙarfin kaɗan ne, ƙara ce ta fi yawa. Filtar auduga mai mai tana barin ƙurar hunturu ta wuce fiye da ta takarda, in man ya yi yawa kuma ya ɓata sensa. In bakin bututun ya yi ƙasa, ruwan damina ya shiga silinda, sandar fistin ta lanƙwashe. Ga mai bin hanyar karkara, bututun da ke hawa gefen gilashin gaba tare da filtar takarda ya fi.