Me ya sa wani mai sankara ya sha wuƙa, wani kuwa gashin ciwon kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An gano sankara a ƙarshen babban hanjin mahaifinmu, santimita 6 daga bakin dubura, an ce sai gashi (ƙona ciwon da hasken na'ura) sannan tiyata. Amma na ji wanda tasa ke bakin duburar ba a yi masa aiki ba. Ina bambancin? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Wuraren biyu maƙwabta ne, amma asalin ciwon ba ɗaya ba. Sankarar bakin dubura galibi daga ƙwayoyi irin na fata take tsirowa, sau da yawa sanadin ƙwayar cutar HPV da ake ɗauka ta saduwa, kuma gashi haɗe da kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) yana narkar da ita. Tun da likitan fiɗa Norman Nigro ya nuna haka a 1974, sai ciwon ya ƙi tafiya ko ya dawo ake ɗaukar wuƙa.

Ta Baba kuwa daga shimfiɗar cikin hanji ta fito, kuma takan ratsa bango ta shiga kitsen da ya kewaye shi, inda kaluluwa suke. Kitsen nan lulluɓe yake da siririn tantani. Shi ya sa ba ƙullutun kaɗai ake yankewa ba: ana ɓare hanjin da kitsensa duka, tantanin bai huje ba, kamar yadda likitan fiɗa Bill Heald ya bayyana a 1982. In ya yage, ƙwayoyin ciwon sun zube cikin ƙugu ke nan, kuma sankarar da ta dawo a wurin tana da azaba da wuyar cirewa.

Bayan aiki ana auna tazarar ciwon da gefen abin da aka ciro. In ba ta wuce milimita 1 ba, haɗarin dawowa ya ƙaru. Ana kuma son a duba kaluluwa aƙalla 12. Shi ya sa tun kafin aiki, idan hoton MRI ya nuna ciwon ya matso tantanin, sai a fara gashi, na kwana 5 ko na mako 5 zuwa 6, a jira ya motse.

Ta ƙasa kuwa, wajen dubura, ciwon bai cika yin nisa ba. Yanke santimita 1 zuwa 2 na lafiyayyen hanji a ƙasan ciwon yakan wadatar, don haka akan iya tsirar da tsokar riƙe bahaya, ko da za a sa jakar tara bahaya a ciki ta ɗan lokaci. Jijiyoyin fitsari da na ƙarfin namiji suna manne da tantanin. A tambayi likitan fiɗa kan wannan tun kafin aiki, ba wurin jin kunya ba ne.

Ku kuma nemi a yi gwajin MMR, mai nuna nau'in sankarar, a kan 'yar tsokar da aka ɗiba don gano ciwon. Kaɗan daga cikin masu wannan sankara suna da nau'in da maganin zaburar da garkuwar jiki ke narkarwa, har wasu ba sa kai wa ga tiyata.