Tambaya da Amsa: Sola za ta riƙe sana'ar cajin waya a ƙauye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙauye ta wajen Giwa, wutar lantarki ba ta iso mu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, janareto ya fi ƙarfina. Ina so in sa sola in haska gida, in riƙa cajin waya, maiɗakina kuma ta sayar da zoɓo mai sanyi. Me zan saya?
Mai karatu daga yankin Giwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka hau mota zuwa Sabon Garin Zariya sayen kaya, zauna ka yi lissafin abin da za ka ɗora wa wutar.

A ƙasar Zazzau ana samun rana mai ƙarfi kimanin awa 5 a yini. Farantin sola mai wat 200, bayan an cire asarar zafi da ta waya, zai ba ka abin da ya kai wat-awa 700 a yini (wat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da aka samu ko aka sha). Wayar hannu babba tana shan kamar 10 zuwa 15, don haka waya 40 sun ci 500. Ƙwan fitila huɗu masu wat 5 na awa 6 sun ci 120, fankar DC, wato mai aiki da wutar batir kai tsaye, ita ma kusan haka. Ka ga faranti ɗaya ya riga ya ƙure. Sayi biyu, domin a watan Agusta hadari zai rage maka wuta sosai. Haɗa da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batir daga faranti, da fis mai katse wuta in ta yi yawa tsakaninta da batir, da wayar wuta mai kauri, wadda ake kira 6mm. Siririyar waya zafi take yi, ta cinye wutar a hanya.

Batir ne inda mutane suka fi yin kuka. Mai ruwa na bolt 12, amfiya-awa 200, rabinsa kawai ake sha. Wanda yake tatse shi kullum har ƙwai su dushe, batirin da zai yi shekaru sai ya mace cikin watanni. Don haka ka sabar wa jama'a su kawo wayoyinsu da hantsi, faranti ya yi cajin kai tsaye, batir ya huta sai dare. Duk wata ka buɗe murfinsa ka duba ruwa, in ya ja ka ƙara tataccen ruwan batir, ba asid ba. Kada ka kuskura ka zuba na rijiya, gishirin cikinsa yana lalata shi.

Farantin ya fuskanci kudu, a ɗan jingine. Da hunturu, shafa yatsa a kansa da safe za ka ga layi a cikin ƙura. Wannan ƙurar kuɗinka take ci. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi sau biyu a mako, kafin rana ta ɗaga.

Maganar zoɓo kuwa, a yi haƙuri tukuna. Firiza kaɗai na iya shan fiye da wat-awa 1,000 a yini lokacin bazara, kuma tana fizgar wuta idan za ta tashi, sai da ƙarin faranti da inbata mai ƙarfi, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Muna so ƙwarai Hajiya ta samu wannan sana'a, domin kuɗin da mace ta samu a cikin gida, a tukunya da littafin yara yake ƙarewa. A fara da caji, yara su samu hasken bitar karatu da dare, kuɗin da dā yake tafiya gidan mai a riƙa jefa shi asusu, daga nan a sayi kayan firizar.