Zazzaɓin Dengi Ya Sauka, Me Ya Sa Likita Ya Ce Mu Dawo?

Tambaya: Likita, an auna jinin ƙanena an ce zazzaɓin dengi ne. Yau kwana huɗu, zafin jikin ya sauka, amma an ce mu dawo gobe a sake ɗibar jini. Ba sauƙi ya samu ba ke nan? Kuma zai warke sarai?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Malama. Ku koma goben, kada ku fasa.

A dengi, saukar zafi ba ta nufin an tsallake. Bayan cizon Aedes, nau'in sauron da ke yaɗa dengi, ciwon kan ɓuya kwana 4 zuwa 10, sannan ya taso da zafin da kan kai maki 40 a ma'aunin Celsius, da ciwon kai, da na bayan ido da gaɓoɓi. Tsakanin kwana na 3 da na 7 zafin ke sauka, kuma a awa 24 zuwa 48 da ke biye ne jijiyoyin jinin wasu ke fara yoyo. Ruwan jini ya tsiyaye cikin ƙirji da ciki, jinin ya yi kauri, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su ragu. Mara lafiya na iya zama yana hira alhali ana wannan ɓarna a cikinsa, shi ya sa likita ba ya yarda da ido, sai da gwaji.

Kada ku jira goben idan kuka ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini daga dasashi ko hanci, ko baƙar bayan-gida, ko numfashi sama-sama, ko hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi ƙalau yana ta magagi. Asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kafin ku koma goben, ya yi ta shan ruwa, ku lura yana fitsari. Farasitamol kaɗai za a ba shi; asfirin da ibuprofen na ƙara zubar jini.

Batun warkewa kuwa, ki kwantar da hankali. Kusan mutum ɗaya cikin 20 ne ciwon ke tsananta masa, kuma da kulawar asibiti a kan lokaci, mace-mace ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Yawanci a mako ɗaya zuwa biyu an miƙe, sai kasala da kan daɗe makonni. Kada a ɗauke ta lalaci.

Ƙwayar dengi iri huɗu ce. Wadda ta kama shi ba za ta sake ba, amma sauran ukun na iya, kuma kamu na biyu ya fi haɗari. Duk ran da zazzaɓi ya sake kai shi gaban likita, ya faɗi cewa ya taɓa yin dengi.