Amsar Baba Magini kan yashe kwarin bayan masallaci

(Muryar da Baba Magini ya turo zauren unguwa daren jiya ce, na rubuta ta saboda waɗanda ba su da data.)

Assalamu alaikum jama'a. Sakatare, na ji tambayarka. Ka ce tunda ana zuba mana kwalta a layi, me zai hana mu ɗauko katafila ta yashe kwarin bayan masallaci, mu sayar wa 'yan tifa yashin mu biya kuɗin aikin, kuma wai ko sai da takardar izini. To ƙanena, abu biyu ka haɗa.

Kwashe leda da robobi da ƙasar da ta toshe lambatu, wannan aikin gayya ne. A sanar da Mai Unguwa, mu fito ran Asabar da shebur da baro, a roƙi GOSEPA, hukumar tsaftar muhalli ta jihar Gombe, su turo mota. Don Allah kada mu sake jibge sharar a bakin lambatu kamar bara, ruwan farko ya mayar mana da ita ciki.

Amma sa katafila a kwari, a loda yashi a sayar, wannan haƙar ma'adini ce. E, yashi ma ma'adini ne a dokar ma'adinai ta 2007, kuma lasisinsa a hannun gwamnatin tarayya yake. Taɓa hanyar ruwa a cikin gari kuwa, sai da sanin hukumar tsara birane ta jiha.

Ni fa ba takardar ce ta fi damuna ba. Kun san yadda Gombe take. Ruwa daga tudun Akko da ke yamma yake gangarowa, ya ratsa gari da gudu, ƙasarmu kuma rairayi ce, ba ta da riƙo. Wanda ya ga ambaliyar Agustan 2004 ba sai an yi masa bayani ba. Idan ka zurfafa kwari a wuri ɗaya, ruwa ya samu inda zai faɗa, sai ya dinga cin ƙasa yana komawa baya, damina bayan damina, har ya iso gindin kwalbati. Wallahi na gani da idona. Akwai kwalbatin da na yi aikinsa da hannuna, aka zo ana ɗiban yashi a ƙasa da shi. Da na koma, siminti na rataye a iska, rodi duk a waje, yara na wucewa ta ƙarƙashinsa a tsaye. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ku dubi kwarin da ya taso daga Jami'ar Jiha zuwa Malam Inna. Sai da shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa ya shigo da kuɗin Bankin Duniya kafin a shawo kansa. Mu da karo-karonmu, idan namu ya ɓalle, da me za mu tare shi?

Abin da nake so mu tambayi injiniyan titin nan shi ne, sabon lambatun da suke ginawa, ina zai zubar da ruwansa? Kwalta ba ta shan ruwa, duk abin da ƙasa ke shanyewa a da yanzu kwarin nan zai nufa. Idan ba a yi wa bakin lambatun jeren dutse da siminti ba, gidajen ƙarshen layi ne za su fara ji a jikinsu. A rubuta wannan a takarda, Mai Unguwa ya sa hannu, tun kafin ɗan kwangila ya kwashe kayansa.

Gobe bayan la'asar ina bakin kwarin. Sakatare, ka taho da tef ɗin awo da wayarka mai kyamara.