Mai saran itace ya ce zai gundule mana bishiyoyin makaranta kafin damina, mu yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kwamiti ne a wata Islamiyya da ke harabar masallacin unguwarmu a Haɗeja. Muna da darbejiya shida, turare biyu, da wani tsohon maɗaci da ya girmi ginin. Bara iskar farkon damina ta karyo reshe ya huda kwanon aji, Allah ya sa yara sun riga sun tashi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Yanzu wani mai saran itace ya ce zai gundule kawunansu duka kyauta, ya kwashe itacen, wai iska ba za ta samu abin kamawa ba. Yawancin 'yan kwamiti sun amince. Malam, mu bar shi ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tsoronka yana kan hanya, amma kada ku bar shi ya gundule ko guda ɗaya. Abin da zai yi muku sauƙin damina ɗaya ne, haɗarin kuma ya dawo ninki bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da kowa ya saki jiki.

Wannan magana ta "a gundule ta, iska ta wuce" ta cika gari, har an ɗauke ta kamar ilimi. Bi wasu tituna a garuruwanmu gabanin damina, za ka ga darbejiya a jere an mayar da su gungume, ba ganye ko ɗaya. Ga abin da ke faruwa a jikin bishiyar bayan mai gatari ya tafi. Ganye shi ne ke ciyar da ita. Da ta rasa shi gaba ɗaya sai ta shiga neman rai, ta fitar da toho goma ko ashirin a bakin kowane sara. Darbejiya kuwa akwai saurin tofowa: cikin damina biyu zuwa uku tohon ya kai kaurin dantse, ya miƙe sama, ganyensa ya fi na da cunkushewa. Mai kallo daga ƙasa sai ya ce ta warke, har ta fi kyau.

To amma duba inda tohon ya fito. Reshe na asali tare yake girma da uwar bishiya shekara da shekaru, itacensa ya saƙu da nata har ciki, shi ya sa idan ka faskara gungume kake samun ƙulli mai taurin da ke mayar da gatari. Toho kuwa daga ƙarƙashin ɓawo kawai yake fitowa, a gefen sara, riƙonsa bai wuce ɗan siririn itacen da ya yi bayan saran ba. A daidai lokacin da yake ƙara nauyi, tsakiyar saran tana ruɓewa, domin ciwo mai faɗin faranti bishiya ba ta iya rufe shi. Ruwa ya kwanta a kai, ruɓa ta gangara ciki, gara ta biyo baya. Sai ka samu reshe mai tsawon mita huɗu ko biyar tsaye a bakin rami mai laushi kamar soso. Irin wannan ba ya lanƙwasa a iska, fizgewa yake yi ɗungurungum. Kuma a ƙasa ma akwai asara: bishiyar da ta yi watanni ba ganye tana rasa wani ɓangare na saiwarta, wato abin da ke riƙe da ita ya ragu, kan kuma ya dawo da nauyi.

Ina ba ka shawara ka je ka duba inda reshen bara ya ɓalle. Idan a bakin wani tsohon sara ne, to ka ga amsar tambayarka da idonka, kuma ka kai 'yan kwamiti su gani.

Wani zai ce ai manoma suna sassabe gawo da sauran itatuwa a gona kuma ba su mutu ba. Gaskiya ne. Amma can ana maimaita saran a kai a kai kafin tohon ya yi nauyi, kuma idan reshe ya faɗo a gona kan kunya yake faɗa. Ku kuwa kan allo da yara. Sannan ka tuna wanda ake biya da itace, ribarsa a manyan rassa masu lafiya take, waɗanda ya kamata a bari. Busassun ƙanana da ke can sama, masu wuyar kaiwa, su ne zai bari. Ku biya shi kuɗin aiki, ku nuna masa reshen da zai taɓa. Itacen ku sayar da kanku.

Yanzu ga abin yi, kuma a gama shi kafin tsakiyar Mayu. Iskar da ke gaban hadarin farko ita ce mai ɓarna, wanda ya ga yadda ta yi da bishiyoyi da turakun lantarki da rufin gidaje a garin Bauchi a watan Yunin 2018 ba ya bukatar a tuna masa. Galibi daga gabas take tasowa, don haka ku fara da bishiyoyin da ke gabas da azuzuwa da wurin alwala. Don sanin abin da bishiya za ta iya kaiwa idan ta faɗi, kafa sanda mai tsawon mita ɗaya da hantsi, ka auna inuwarta, ka auna inuwar bishiyar, ka raba ta bishiyar da ta sandar, abin da ya fito shi ne tsawon bishiyar a mita. Duk aji ko rumfa ko hanyar da ke cikin wannan tazara, bishiyar ta shiga lissafi.

Fara dubawa daga ƙasa, ba daga ganye ba. Bishiya tana iya zama kore shar alhali cikinta kogo ne, domin ruwa ta gefen itace yake hawa. Zagaya gindin. Idan bishiya ta karkata kuma ƙasar da ke bayanta ta kumbura ko ta tsage, saiwa ce ke ɗagowa, wannan ba a jira da ita: a hana zama ƙarƙashinta yau, a sare ta. Karkatar da ta taso da ita tun tana ƙarama tana neman rana, ba ta kai wannan haɗari ba. Tambayi kanku ko an haƙa lambatu ko tushen katanga kusa da ita a 'yan shekarun nan. Mafi yawan saiwa a saman ƙasa take, cikin zurfin da bai kai mita ɗaya ba. Zagaya jikin bishiyar da igiya a daidai ƙirji, ka raba tsawon gida uku, ka samu kaurinta. Idan zagayen santimita 180 ne, kaurin kusan 60 ke nan, kuma duk haƙar da ta datse manyan saiwoyi cikin ninki biyar na wannan, wato mita 3, ta taɓa ƙarfin tsayuwarta. Haka ma wadda aka malale gindinta da siminti ko intalok har jiki, da wadda ake ƙona shara a gindinta. Laimar kwaɗi a gindi, ko wani abu mai kama da kunne manne a jikin itace, alamar ruɓa ce a ciki.

Sai gangar jiki. Buga ta da ƙotar gatari a zagaye, daga ƙasa zuwa iyakar hannu. Mai lafiya sautinta a dunƙule yake, mai kogo tana amsawa kamar ganga. Inda akwai rami, zura rodi ka ji zurfinsa. Kogo shi kaɗai ba hukuncin sara ba ne, amma idan itacen kirki da ya rage a gefe bai kai kashi ɗaya cikin uku na tazarar ɓawo zuwa tsakiya ba, ko bakin ramin ya ci sulusin zagayen, a nemo malamin gandun daji ya gani. Kada a cika kogo da siminti. Ba ya ƙara ƙarfi, danshi yake tarawa, kuma ranar sara shi zai karya haƙoran inji. Maɗacinku a duba sassaƙe: masu neman magani suna ɗaye ɓawonsa, idan ɗayewar ta kusa zagaye jiki, rassan sama za su fara bushewa ɗaya bayan ɗaya. Turaren kuma, inda jiki ya rabu biyu a matse da tsaga a tsakani, nan yake yagewa.

A sama, abin cirewa shi ne busasshen reshe, da tsagagge, da karyayyen da ya maƙale, da wanda kauci ya cinye, da dogon da ya yi nauyi a baki a kan kwano. Dogon ba sai an cire shi duka ba: a rage shi zuwa inda wani ƙaramin reshe ya fito, wanda kaurinsa ya kai sulusin wanda ake yankewa. Jimillar ɗanyen ganyen da za a cire a shekara kada ta wuce rubu'i. Da zarto za a yi, ba gatari ba, kuma yanka uku: na farko daga ƙasan reshe, kamar kamu ɗaya daga jiki, ya ci sulusin kauri, na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan, har reshen ya faɗi ba tare da ya ɗaye ɓawo ba, na uku a cire guntun a bakin kumburin da ke gindin reshe, a bar kumburin, shi ne ke rufe ciwon. Ba a shafa baƙin mai ko fenti. A ɗaure babban reshe da igiya a sauke shi, ranar da babu karatu, kowa ya ja baya ninki biyu na tsawon bishiyar. Reshen da ya kusanci wayar wuta ba aikin ɗan unguwa ba ne, a kira KEDCO su kashe layin tukuna.

Waɗanda aka riga aka gundule a baya, a zaɓi toho biyu ko uku masu kyakkyawan riƙo a kowane kai, a rage sauran a hankali, kuma a riƙa komawa kansu duk shekara biyu kafin su yi nauyi.

Idan dubawa ta nuna dole a sare wata gaba ɗaya, ku rubuta wa sashen gandun daji na ƙaramar hukuma tun yanzu, da hoto da kwanan wata, ku ajiye kwafi. Takarda tana iya kwana a tebur har hadari ya haɗo, don haka kada tsaron yara ya jira sa hannu: a kewaye wurin da igiya, a mayar da darasi wani gefen. Ku sake zagayawa bayan ruwan farko mai iska, sannan a watan Agusta, domin ƙasar Haɗeja idan ta sha ruwa ta yi laushi, bishiyar da aka datse wa saiwa a lokacin take tumɓukewa.