Yaya ake haɗa gargaɗin matsalar saba da imel da saƙon tes?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da sabobin wani ƙaramin kamfani, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafinsa da manhajojinsa, mu huɗu ne muke karɓa-karɓar jiran aiki da dare. Muna amfani da Prometheus, mai sa ido a kan sabobin, da Alertmanager, mai aika gargaɗinsa, amma gargaɗin a Slack, manhajar hirarmu ta aiki, kawai yake faɗawa, in dare ya yi babu mai gani. Ina so in sa n8n ko Zapier, manhajojin da ke haɗa wata manhaja da wata, su riƙa tura kowane gargaɗi zuwa imel da saƙon tes na mu duka a lokaci guda. Ta ina zan fara, kuma wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Haɗin ba shi da wuya, yini ɗaya ya ishe ka. Abin da ban yarda da shi ba a tambayarka shi ne "kowane gargaɗi" da "mu duka". In ka yi haka, ba za a jima ba abokan aikinka za su kashe ƙarar wayoyinsu, ranar da babbar matsala ta zo kuwa kowa zai zaci wani ya gani. Saƙon tes na abin da ba zai jira wayewar gari ba ne, kuma mutum ɗaya ake turawa, wanda ke kan jira a daren. Sauran duk imel ya wadatar.

Saboda haka aikin farko a cikin Prometheus yake, tun ba ka buɗe n8n ba. Kowace ƙa'idar gargaɗi ka ba ta alamar tsanani. Shafi ya daina buɗewa ga masu amfani da shi, ko rumbun bayanai ya ƙi amsawa, wannan na tayar da mutum ne. Faifan ajiya ya kai kashi 80 cikin 100 yana cika a hankali, wannan na safiya ne. Ka tambayi kanka game da kowanne: in an tashe ni a kan wannan da ƙarfe uku na dare, akwai abin da zan yi nan take? In babu, kada ya shiga layin tes.

Yadda saƙon ke tafiya shi ne ta webhuk, wato adireshin intanet da ke zaune yana jiran a jefo masa bayani. A n8n, inda ake kiran kowane mataki na aiki kulli, za ka fara da kullin Webhook, ya ba ka adireshi, ka saka shi a saitin Alertmanager. Da matsala ta taso, Alertmanager zai aiko da bayani a tsarin JSON, wato salon rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi, ɗauke da sunan gargaɗin, alamominsa, lokacin da ya fara, da matsayinsa, ko yana ci ko ya warware. Daga nan kullin Switch ya duba tsanani: mai tsanani ya bi ta Twilio, kamfanin da ke tura saƙon tes daga manhaja, ko makamancinsa zuwa waya, a kuma aika kwafinsa ta imel, sauran su tafi imel kaɗai. Wani abu da ke yawan rikita masu farawa: n8n na ba da adireshi biyu, na gwaji da na aiki. Na gwajin ba ya amsawa sai kana zaune kana sauraro, na aikin kuma ba ya amsawa sai ka kunna tsarin. Ka kuma sa wa adireshin mabuɗin sirri, domin duk wanda ya same shi a buɗe zai iya cika wayoyinku da gargaɗin ƙarya.

Game da wanne ya fi, ni a irin yanayinka n8n zan ɗauka, domin kana iya girka shi da kanka, kuma bayanan sabobinka ba sa fita zuwa hannun wani. Zapier ya fi sauƙin saiti, sai dai yana ƙirga ayyukan da aka gudanar a cikin adadin da aka ware maka, daren da gargaɗi ya yi ambaliya kuwa shi ne daren da adadin ke ƙarewa. In ka zaɓe shi, ka tabbata webhuk ne ke tayar da aikin. Wasu haɗe-haɗensa leƙawa suke yi lokaci-lokaci su ga ko akwai sabon abu, tazarar kan kai minti 15 a mafi ƙanƙantar rukunin rajistarsa, kuma minti 15 da shafi a kashe ba ƙaramin abu ba ne.

Ambaliyar nan ka tare ta tun daga Alertmanager, don ya fi n8n iya wannan. Yana tara gargaɗi masu alaƙa ya aiko su a dunƙule. A saitinsa na asali yakan jira daƙiƙa 30 kafin saƙon farko, minti 5 kafin ya ƙara sababbi a rukuni ɗaya, da awa 4 kafin ya maimaita wanda ba a gyara ba. Yana kuma da ƙa'idar danne wani gargaɗi saboda wani: in sabar gaba ɗaya ta mutu, babu amfanin saƙo 20 da ke cewa manhajojin da ke kanta ba sa amsawa. Ka lura cewa webhuk ɗaya kan zo da jerin gargaɗi da yawa a cikinsa, don haka ka yanke shawara ko saƙo ɗaya za ka tura da jimillarsu ko za ka rarraba su. Ga tes, ɗaya ya fi.

Shi kansa saƙon tes gajere ne, harafi 160 in duk haruffan na cikin jerin da wayoyi suka saba da shi. Da ka saka harafi ɗaya da ba ya cikin jerin, iyakar ta sauko 70, saƙon ya tsage gida biyu ko uku. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, duk suna jawo haka, haka ma 'yan hotunan nan na jan ɗigo da wuta da ake son sakawa a gargaɗi. Sunan abin da ya lalace, wace saba, tun yaushe, shi ke nan. Dogon bayani, jadawali da matakan gyara su tafi imel. A ɓangaren imel ɗin kuma ka daidaita SPF da DKIM da DMARC na adireshin da ke aikawa, wato saitukan da ke tabbatar da cewa imel ɗin daga gare ka ya fito, musamman tun da Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu a Fabrairun 2024. In ba haka ba, gargaɗinka a akwatin tarkace zai riƙa kwana.

Yanzu ga babban abin. Duk abin da ka saka tsakanin Alertmanager da wayar mutum, ka ƙara wurin da saƙo zai iya maƙalewa. In n8n ɗinka yana kan sabar da yake gadi, ranar da ta faɗi tare za su faɗi, kamar mai gadi ne da aka kulle a cikin ɗakin da ya kama da wuta. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook ya ɗauke na kusan awa shida, kayan aikin cikin gida da injiniyoyinsa ke bincike da su sun ɗauke tare da shi. Ka ajiye n8n a wani wuri daban, a wajen wani mai ba da saba daban in da hali. Sannan ka kafa gargaɗi guda da ba ya daina ci, ya riƙa bi ta cikin tsarin yana taɓa wata hidima ta waje irin Healthchecks.io. In taɓawar ta tsaya, ita hidimar ce za ta sanar da kai cewa hanyar gargaɗinka ta yanke. Kada ka kuma ɗauka Twilio ya karɓi saƙo yana nufin ya isa waya. Yana dawo da rahoton ko an isar ko ba a isar ba, ka sa tsarinka ya karanta shi.

Akwai wurin da n8n ke gajiya, wato in wanda aka tura wa bai farka ba. Ana buƙatar hanyar da zai ce "na gani", in bai ce ba cikin minti biyar ko goma a wuce ga na biyu, a kuma san waye ke kan jira a wannan mako. Za ka iya gina wannan da kullin Wait da ɗan teburin sunaye, na ga masu yi, amma gyaransa zai zame maka aiki na biyu. Domin wannan aka yi PagerDuty da ire-irensa: suna riƙe jadawalin jira, suna tura tes, suna kiran waya, suna wucewa ga na gaba, kuma Alertmanager na magana da PagerDuty kai tsaye. Tunda ku huɗu ne kuna karɓa-karɓa, shawarata ka bar masu tsanani su bi wannan hanya madaidaiciya, n8n ya ɗauki aikin gefe: imel ga shugabanni, buɗe takardar aiki, rubuta abin da ya faru a rajista, da sanar da kowa in an warware. Kafin ka dogara da shi, ka kashe wata manhaja marar muhimmanci da gangan da rana tsaka, ka ƙirga daƙiƙa nawa wayar ta ɗauka kafin ta yi ƙara, ka riƙa maimaita gwajin duk lokacin da aka taɓa saitin.